Tanderun Narka Dalma Mai Araha: Mu Saya Ko Mu Dakata?

Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai ya gabatar a babban taron ƙungiya na shekara-shekara

 

Mai girma shugaban taro, mai girma shugaban ƙungiyar tsofaffin ɗalibai da 'yan majalisarsa, mai girma shugaban makaranta, iyayenmu malamai waɗanda suka ajiye aiki da waɗanda har yanzu suke riƙe da alli, yayyena da ƙannena, musamman 'yan ajinmu da nake hangowa can baya suna dariya tun ban buɗe baki ba, ina yi muku barka da zuwa. Allah Ya saka wa kowa da alheri, Ya kuma jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya daga cikin malamai da ɗalibai.

Dalilin tsayuwata a gabanku shi ne, kwamitin ayyuka na wannan ƙungiya ya ware wasu kuɗi daga cikin gudunmawar da kuka bayar domin farfaɗo da kulob ɗin kimiyya da fasaha na makaranta, wato JETS, wanda da yawa daga cikinmu muka yi zamani a cikinsa. A jerin kayan da aka rubuta za a saya akwai wani ɗan tanderu na lantarki da ake haɗa allunan lantarki da shi. Da aka zo kansa sai gardama ta tashi. Wasu suka ce shi ne abin da zai sa yaranmu su kama zamani, wasu suka ce ɓarnar kuɗi ce. Sai wani ɗan ajinmu, wanda ba ya iya riƙe sirri tun muna aji ɗaya, ya tona cewa ai ina da irinsa a gida. Shi ne aka ɗora mini nauyin in zo in faɗi abin da na gani. Ni ba injiniya ba ne, aikina binciken kuɗi da kayan gwamnati. Haɗa kayan lantarki sha'awa ce da na ɗauka a wancan ɗakin gwaje-gwaje da ke bayan masallaci, a hannun malaminmu na Fizik, wanda ga shi nan zaune a sahun gaba. Malam, Allah Ya ƙara lafiya. In na yi kuskure a gyara mini, amma don Allah ban da bulala.

Bari in fara da bayanin amfanin wannan tanderu, domin na san akwai likitoci da lauyoyi da 'yan kasuwa a nan waɗanda rabonsu da ganin cikin rediyo tun suna yara. Duk wanda ya taɓa buɗe tsohuwar rediyo ya ga wani allo, wanda masu gyara ke kira fanel, ɗauke da rizistoci da kafasitoci da tiransistoci, kowanne da dogayen ƙafafu na waya. Ana zura ƙafafun cikin huji, a juya allon, a ɗora ƙarfen liƙi mai zafi, a narka dalma a kai. Haka aka koya mana. To, tun daga wajejen shekarun 1980 masana'antu suka koma wata hanya, inda ba a huda allo, sai dai a kwantar da kayan a kan fuskarsa. Wannan ya sa kayan suka ƙanƙance ƙwarai. Rizistan da ake kira 0805 tsawonsa milimita 2 ne, faɗinsa milimita 1.25. Na ƙasa da shi, 0603, milimita 1.6 ne da 0.8, wato bai kai ƙwayar shinkafa ba. In ka yi atishawa a kusa da shi, sai dai ka sayi wani. Akwai kuma waɗansu aisi da ƙafafunsu ke ɓoye a ƙarƙashin cikinsu, inda bakin ƙarfen liƙi ba zai taɓa kaiwa ba. Abin da ya sa wannan ya shafe mu shi ne, sababbin kayan da ake ƙerawa da yawa a wannan siffa kaɗai suke zuwa. Yaron da bai iya aiki da su ba, akwai inda zai tsaya.

Yadda ake aikin kuwa shi ne, ana amfani da dalma wadda aka mayar gari mai laushi aka kwaɓa da man liƙi, ta yi kauri kamar man goge haƙori. Ana ɗora wa allon wani siririn faranti mai huji-huji daidai wuraren da kayan za su zauna, kamar dai sitansil ɗin da ake buga lamba da shi a jikin buhu. A shafa kwaɓin da gefen kati, a ɗaga farantin, sa'an nan a ɗauki kayan ɗaya bayan ɗaya da hantsaki a ɗora. Daga nan sai a sa allon cikin tanderu. Zafi ya narka dalmar ko'ina a lokaci guda, in ta huce ta kama komai. Akwai abin sha'awa a nan: in dalmar ta narke takan dunƙule kamar ɗigon ruwa a kan ganye, ta jawo abin da aka ɗora a karkace ya daidaita da kansa.

Abin da muke kira dalma a bakin masu gyara gauraye ne na ƙarafa. Tsohuwar da muka sani kashi 63 cikin 100 kuza ce, irin wadda aka yi ta haƙa a Jos, kashi 37 kuma dalma ta ainihi, tana narkewa a digiri 183 na ma'aunin Salshiyas. A shekarar 2006 dokar Tarayyar Turai da ta taƙaita sa dalma a kayan lantarki ta fara aiki, sai masana'antu suka koma wani haɗi na kuza kashi 96.5, azurfa kashi 3, tagulla rabin kashi. Shi kuma sai zafi ya kai wajen digiri 217 yake fara narkewa. Akwai na uku, kuza kashi 42 da wani ƙarfe mai suna bismat kashi 58, wanda ke narkewa a digiri 138 kacal, sai dai yana da gautsi. Ku riƙe waɗannan lambobi uku, 138 da 183 da 217, domin za mu dawo kansu.

Ba jefa allo cikin wuta kawai ake yi ba. Duk mai gurasa ta san cewa in tanderu ya yi zafi fiye da kima baya ya ƙone ciki ɗanye, in bai yi zafi ba gurasa ta bushe. Haka abin yake a nan, zafin yana da zango huɗu. Zangon farko, a ɗumama allon a hankali, kada hawan ya wuce kamar digiri 3 a cikin daƙiƙa ɗaya, don kada kafasitocin tangaran su tsage. Zango na biyu, a tsaya a wajen digiri 150 zuwa sama kaɗan na minti ɗaya ko biyu, domin manyan kaya da ƙanana su daidaita a zafi, man liƙi kuma ya wanke tsatsar da ke kan tagulla. Zango na uku, a haura sama da inda dalmar ke narkewa, wajen digiri 210 zuwa 225 ga tsohuwar dalma, ko 235 zuwa 250 ga sabuwar, a zauna a narke kamar minti ɗaya ko da ɗan ɗori. Zango na huɗu, a huce, shi ma ba da gaggawa ba. Kun ga ke nan tsakanin dalma ba ta narke ba da allo ya fara ƙonewa tazarar ba ta da yawa. Aikin tanderu duka shi ne ya bi wannan hanya daidai, a kowane lungu na allon. Masana'antu suna yin haka da dogayen tanderu masu ɗakuna da yawa, allo na tafiya a kan bel daga ɗaki zuwa ɗaki. Tambayar da ke gabanmu ita ce, shin ɗan akwatin da za mu iya saye zai iya?

Nawa tanderun, wanda irinsa ne kwamiti ke son saye, na sa aka aiko mini da shi daga ƙasar waje. Ba zan kama sunan kamfani ba, domin irin wannan ƙira tana yawo da sunaye iri-iri. Akwati ne na ƙarfe da mutum ɗaya zai rungume, yana cin wuta wat 800. Yana da dirowa da ake jawowa a ɗora allo, faɗinta kamar santimita 18, tsawonta kamar 23. A sama akwai dogayen fitilun gilashi masu fitar da zafi, akwai fanka ta hucewa, ga ɗan gilashi mai nuna lambobi da maɓallai, an kuma zuba masa tsare-tsaren zafi da mutum zai zaɓa. A takarda komai daidai. Ranar da ya iso ji na yi kamar na buɗe masana'anta.

Aikin farko da na ba shi alluna shida ne na wata fitilar karatu mai caji da hasken rana da na tsara, ina so in raba wa 'ya'yan 'yan'uwa masu shirin jarrabawa. Na yi dare biyu ina ɗora kaya da hantsaki har idona ya yi ja. Na jera su suka cika dirowa, na zaɓi tsari, na danna maɓalli. Ba a yi minti uku ba wani hayaƙi mai wari ya cika ɗakin, har uwargida ta leƙo tana tambaya ko gobara ce. Da ya gama ya yi ƙara na jawo dirowa, sai na ga alluna biyun tsakiya sun yi duhu kamar an toya, fararen ƙwayayen fitilar sun koma rawaya, soket ɗin roba ya lanƙwashe. Na gefe kuwa dalmarsu na nan toka-toka, ko narkewa ba ta yi ba. Duk wannan lokaci gilashin tanderun yana nuna mini cewa komai ya tafi yadda aka tsara. Alluna biyu kaɗai suka yi aiki daga cikin shida.

Na yi fushi, na yi niyyar tura shi ƙarƙashin gado. Sai na tuna abin da nake yi a ofis kullum. In ma'ajin sito ya kawo mini takarda cewa akwai buhu 100, ba na sa hannu sai na je na ƙirga. To, me ya sa na yarda da lambar da akwati ya rubuta wa kansa? Sai na cire shi daga wuta, na kwance murfin, na fara bincike. Abubuwa biyar na samu.

Na farko, warin nan. An manne abin tsare zafi na ciki da tef ɗin takarda, irin wanda masu fenti ke amfani da shi. Shi ne yake ƙonewa. Na ɓare shi duka na sa tef ɗin Kapton, mai launin ruwan zuma, wanda aka yi shi don ya jure irin wannan zafi. Warin ya ragu ƙwarai.

Na biyu ya fi tsoratar da ni. Na ɗauki mita na auna tsakanin ƙafar filogi ta uku, wato wayar ƙasa da masu wayarin ke kira at, da murfin akwatin. Babu haɗi. An ɗaure wayar a kan fenti, fenti kuwa ba ya wuce da lantarki. Ma'anar wannan ita ce, da wata waya mai wuta za ta kuɓuce ta taɓa murfin, fis ba zai ƙone ba, murfin zai zauna ɗauke da wuta yana jiran hannun da zai taɓa shi. Na kankare fentin, na ɗaure da kyau, na ƙara wata waya tsakanin murfi da gindi. Iyayena malamai, ku yi tunanin wannan akwati a ɗakin da yara talatin ke turereniya.

Na uku shi ne ainihin maganar da na zo da ita. Tanderun yana auna zafi da wata igiya ta ƙarafa biyu mabambanta da aka haɗe bakinsu, Turawa na ce mata tamokoful. Wani Bajamushe mai suna Thomas Seebeck ne ya gano asalin abin a 1821, kuma Malam ya koya mana shi, ko da yake a lokacin hankalinmu na kan ƙararrawar cin abinci. Irin wadda aka fi amfani da ita tana fitar da kamar kashi 41 cikin miliyan na bolt ɗaya a kan kowane digiri. Sai dai abin da take aunawa shi ne bambanci tsakanin bakinta mai zafi da ɗaya ƙarshen da ke cikin na'ura. Dole na'ura ta san zafin wancan ƙarshen ta haɗa lissafi. Nawa tanderun ba ya aunawa, ƙaddarawa kawai yake yi cewa ɗaki na nan a matsakaicin yanayi. Mu ɗauka ya ƙaddara digiri 25. A watan Afrilu, lokacin da ɗaki ke kai digiri 40, zai nuna 220 alhali ainihin zafin 235 ne. Da asubahin hunturu kuwa sai lissafin ya juye, ya nuna ya kai alhali bai kai ba. Bugu da ƙari, igiyoyin a rataye suke a sama suna auna iska, ba allo ba. Allo kuwa yana shan zafin fitila ne kai tsaye, kuma baƙin aisi ya fi tagulla mai ƙyalli sha, kamar yadda mai baƙar riga ya fi mai farar riga jin rana.

Maganin wannan bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin tanderun ba. Na sayi ma'aunin zafi na hannu mai irin wannan igiya. Kafin in yarda da shi, shi ma na bincike shi: na tsoma bakinsa cikin ruwan ƙanƙara ya nuna kusan sifiri, na tsoma cikin tafasasshen ruwa ya nuna ƙasa da 100 kaɗan. Haka ya kamata, domin ruwa na tafasa a wajen digiri 98 a Kano, a Jos kuma wajen 96, saboda tudu. Sa'an nan na manna bakin igiyar a kan tagullar wani tsohon allo da tef ɗin Kapton, na ajiye guntun tsohuwar dalma kusa da shi, ina leƙe ta gilashin dirowa. Dalma ba ta ƙarya, a 183 take narkewa ko ana so ko ba a so. Ma'aunin hannu ya yi daidai da ita, gilashin tanderu bai yi ba.

Na huɗu, zafin ba ɗaya ba ne a cikin dirowa. Na yi ta matsar da allon gwajin daga tsakiya zuwa kusurwa, ina rubuta abin da na gani duk daƙiƙa 15 a littafi, ɗana yana riƙe da agogo. Bambancin tsakiya da kusurwa a nawa ya kai wajen digiri 20. Ku tuna tazarar da na ce ba ta da yawa. Ga tsohuwar dalma ana iya lallaɓawa. Ga sabuwar mai 217 kuwa, kafin kusurwa ta narke tsakiya ta wuce gona da iri. Gaskiyar girman wannan tanderu ba ta kai abin da aka rubuta a kwali ba, wurin da za a dogara da shi bai fi tafin hannun babban mutum ba, a tsakiya. Na kuma lura cewa in allo ya kwanta a kan ƙarfen dirowa, ƙarfen yana tsotse masa zafi. Sai na riƙa ɗaga shi a kan guntayen tsofaffin alluna.

Na biyar matsalarmu ce ta gida, wato wuta. An yi fitilun ne don bolt 220. In wuta ta yi ƙasa, zafin ba ya raguwa daidai da raguwarta, ya fi haka, domin ana ninka lissafin ne sau biyu. A bolt 180, wanda ba baƙon abu ba ne a unguwarmu da daddare, wat 800 na komawa kamar 535, wato kashi biyu cikin uku. Tanderu ya yi ta fama bai kai ƙololuwa a kan lokaci ba, man liƙi ya ƙone kafin dalma ta narke. In kuma aka ɗauke wuta ana tsakar aiki, allon ya shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. Ƙaramin janareta na kunna fitila da fanka ba ya ɗaukarsa yadda ya kamata. Abin daɗin shi ne, gashi ɗaya minti bakwai ne zuwa takwas, wutar da yake ci ba ta wuce kashi ɗaya cikin goma na yunit ba. Saboda haka sitabilaiza mai kyau, ko inbata mai ƙarfi, ta wadatar.

Bayan waɗannan gyare-gyare na zauna na tsara nawa tsarin zafi bisa abin da ma'aunin hannu ya nuna, ina gasa allo ɗaya ko biyu a tsakiya. Na sake yin fitilun nan, duka suka kama, kuma ga ɗaya na zo da ita, tana kan teburin shugaban taro, kowa na iya dubawa. Akwai masu sha'awa a ƙasashen waje da suka rubuta wa irin wannan tanderu sabuwar manhaja suka sake ta kyauta, suka kuma nuna yadda ake ƙara masa ɗan ma'auni a wancan ƙarshen igiya don gyara lissafin. Yana taimakawa, amma ba ya mayar da kusurwa ta zama tsakiya.

Adalci ya sa in faɗi cewa ba kowane laifi ne na tanderu ba. Kwaɓin dalma yana lalacewa. Ana ajiye shi a firji, tsakanin sifiri da digiri 10, kuma yawanci kamar wata shida ake ba shi. In an fito da shi sai a bar shi ya kai zafin ɗaki kafin a buɗe, in ba haka ba raɓa ta shiga, a ga ƙananan ƙwallayen dalma sun watsu a kan allo. Na taɓa asarar kwalba guda saboda firjinmu ya yi kwana uku babu wuta. Haka nan waɗansu aisi suna tsotsar danshi in sun daɗe a buɗe, musamman da damina. In suka shiga zafi danshin ya zama tururi ya fasa su daga ciki kamar gugguru, shi ya sa ake zuwa da su a leda mai liƙe, ake kuma busar da waɗanda suka sha iska a digiri 125 na sa'o'i masu yawa. Wani lokaci kuma za ka ga rizista ya miƙe tsaye da ƙafa ɗaya, domin gefe guda ya riga ɗaya narkewa ya ja shi. Sau da yawa wannan daga hannun mai shafa kwaɓi ne.

Sai maganar lafiya, wadda ba ta wasa ba ce. Dukkanmu mun tuna abin da ya faru a jihar Zamfara a 2010, lokacin da gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. Dalmar da ke cikin kwalba ɗaya ba ta kai ko kusa da wannan ba, amma guba ɗaya ce, yara ta fi yi wa illa, kuma ta hannu zuwa baki take shiga. Kwaɓi ya fi waya haɗari domin yana manne wa yatsa ya shige ƙarƙashin farce. Don haka ba ci ba sha a wurin aiki, a wanke hannu da sabulu, a buɗe taga ko a ja hayaƙin waje da bututu, domin hayaƙin man liƙi yana tayar da asma. Tanderun da ya taɓa gasa allo kuma ya yi sallama da abinci har abada. Na san 'yan makarantar kwana, wani zai so ɗumama ƙosai a ciki.

Akwai hanyoyin da suka fi araha. Duk wanda ya shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ya ga matasa suna cire aisi suna mayarwa da na'urar hura iska mai zafi, abin gwanin sha'awa. Akwai kuma farantin ƙarfe mai zafi da ake ɗora allo a kai, ana kallon dalma tana narkewa da ido, a ɗauke in ta yi. Ga allo mai kaya a fuska ɗaya wannan ya isa, kuma ga mai koyo ya fi tanderu, domin yana ganin abin da ke faruwa. Inda tanderu ya fi su shi ne in ana son maimaita aiki ɗaya sau da yawa ya fito iri ɗaya, ko in aisi ɗin mai ɓoyayyun ƙafafu ne.

To, mai girma shugaba, ga shawarata. Kada mu sayi tanderun a bana. Mu fara da ƙarafan liƙi masu daidaita zafi, da na'urar hura iska ɗaya, da farantin zafi ɗaya, da hantsaki da gilashin ƙara girma, da mita, da ma'aunin zafi mai igiya guda biyu. Yara su yi shekara guda suna koyon shafa kwaɓi da ɗora kaya, suna auna zafi suna zana jadawalinsa a takardar giraf. Don kauce wa guba su yi aiki da haɗin bismat mai narkewa a 138, da sharaɗin kada a gauraya shi da tsohuwar dalma, domin haɗuwarsu na haifar da wani gauraye mai narkewa ƙasa da digiri 100. In shekara ta zagayo muka ga kulob ɗin ya tsaya da ƙafarsa, sai mu saya, bisa sharuɗɗa huɗu: mai wayarin da ya san aikinsa ya buɗe shi ya duba wayar ƙasa ya canza tef kafin yaro ya taɓa shi, a haɗa shi da sitabilaiza, a auna kowane lungu na dirowa a manna sakamakon a bango, kuma kada a kunna shi sai malami na tsaye. Kafin lokacin, na yi alkawarin kawo nawa sau ɗaya a kowane zangon karatu in nuna wa yara, kuma ku rubuta wannan a cikin bayanin taro don kada in zille.

In aka tambaye ni ko na yi da-na-sanin sayensa, zan ce a'a. Hausawa sun ce wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kuskurena shi ne ban nemi sanin ta inda take zuba ba sai da na yi asarar dare biyu da alluna huɗu. Kayan aiki mai araha yana da amfani ga wanda yake da abin da zai bincike shi da shi. Ga wanda ba shi da shi kuwa, tsada ce aka jinkirta masa. Malam ya sha gaya mana a ɗakin gwaji cewa mu rubuta abin da muka gani, kada mu rubuta abin da littafi ya ce za mu gani. Mu kuwa mukan kwafi amsa daga bayan littafi mu ƙara ɗan kuskure don kada a gane. Malam, yau na amsa laifi a gaban shaidu, kuma ga shi bayan shekaru masu yawa na biya tarar da kuɗin aljihuna.

 Abin da na faɗa daidai Allah Ya amfane mu da shi, inda na yi kuskure Ya yafe mini. Allah Ya ɗaukaka makarantarmu, Ya saka wa malamanmu da mafificin alheri, Ya mai da kowa gidansa lafiya.